Allura da Kunnen Yaro: Abin da Ya Kamata Kowane Gida Ya Sani

Mu malaman makaranta mun saba da yaron da za a kira shi har sau uku bai amsa ba. Yawanci mukan ce taurin kai ne, ko kuwa hankalinsa ya tafi wajen ƙwallo. Haka muka ɗauka game da wani yaro ɗan shekara takwas a aji uku na makarantarmu a nan birnin Katsina. Kafin dogon hutu shi ne yakan fara ɗaga hannu in an yi tambaya. Da aka komo sai ya zama shiru-shiru. In ana shifta ya dinga leƙen littafin na kusa da shi, in kuma muka juya muna rubutu a allo muna magana, sai ya zauna kurum yana kallo. Sau biyu muka tsauta masa a gaban 'yan ajin, abin da har wa yau muna jin kunyarsa.

Sa'ad da muka aika aka kira uwarsa, sai ta ce, "Malam, a gida ma haka yake, sai na taɓa shi kafin ya waiwayo." Ta faɗa mana cikin hutu zazzaɓi da zawo suka kama shi, aka kai shi wurin wani mai kemis, ya yi masa allura safe da maraice har kwana biyar. Zazzaɓin ya sauka. Bayan 'yan kwanaki yaron ya ce mata, "Mama, akwai gyare a kunnena, ya ƙi yin shiru." Ta yi dariya, ta ɗauka surutun yara ne.

Muka shawarce ta ta kai shi wurin likitan kunne, ta kuma tafi da kwalin allurar, gama maigidanta ya ajiye shi. Likita ya duba kwalin, ya gwada jin yaron, sa'an nan ya yi mata wata tambaya wadda ba ta zata ba. Ya ce, "Mama, a wajen dangin mahaifiyarki, akwai wanda ya kurumce bayan an yi masa allura?" Ta yi shiru, can ta tuna da kawunta, ƙanen mahaifiyarta, wanda tun tana ƙarama aka yi masa allurar tarin fuka, ya warke daga tari amma bai ƙara jin magana ba har ya rasu. Ba a yi wa yaron gwajin gado ba, amma likita ya ce wannan tarihi ya isa a yi hattara da dukan 'ya'yanta, da na 'yan'uwanta mata.

Tambayar nan ta likita ita ce ta sa muka nemi bayani, muka kuma ga ya kamata mu kawo muku shi, ku iyaye masu karanta wannan mujalla.

WAƊANNE MAGUNGUNA KE NAN?

Akwai wani dangi na magungunan kashe ƙwayoyin cuta wanda likitoci suke kira aminogilaikosaid. Babban wansu shi ne sitireptomaisin. A shekarar 1943, a jami'ar Rutgers ta Amurka, wani ɗalibi mai suna Albert Schatz, yana aiki a ƙarƙashin malaminsa Selman Waksman, ya samo shi daga wata ƙwayar halitta mai zama cikin ƙasa. Shi ne magani na fari da ya iya tarin fuka, cutar da kafin wannan lokaci ba ta da magani sai hutu da abinci mai kyau. Saboda wannan aiki aka ba Waksman lambar Nobel a 1952. Daga baya ƙannensa suka biyo: niyomaisin a 1949, kanamaisin a ƙasar Japan a 1957, jentamaisin a 1963, da amikasin a 1972.

Wanda muka fi haɗuwa da shi yau a cikinsu shi ne jentamaisin. A jikin 'yar kwalbarsa za ku ga an rubuta Gentamicin ko Gentamycin, sauran kuwa Streptomycin, Kanamycin, Amikacin, Neomycin da Tobramycin. Yana da araha, yana jure zafin ƙasarmu, yana kuwa da ƙarfi a kan cututtuka masu tsanani na jini, da na mafitsara, da na ciki. Hanji ba ya tsotse shi, shi ya sa akan ba da shi ta allura ko ta ƙarin ruwa. Akan kuma sa shi cikin maganin ɗigawa a ido ko a kunne.

Tun a shekarun farko likitoci suka lura waɗannan magunguna suna da gaɓoɓi biyu da sukan taɓa, watau ƙoda da kunne. Ƙoda takan farfaɗo in an tsai da magani da wuri. Kunne kuwa, abin da ya lalace a cikinsa ya lalace ke nan.

YADDA KUNNE KE JI

Abin da muke gani a gefen kai mazurari ne kawai. Sauti yakan bi ta rami ya bugi dodon kunne, daga nan ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa motsin zuwa wani ɗan ɗaki can ciki, mai siffar katantanwa, wanda girmansa bai fi ƙwayar wake ba. A cikin katantanwar nan akwai ruwa, da ƙwayoyi masu gashi a kansu wajen 16,000. In ruwan ya motsa sai gashin ya karkata, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa, mu ce mun ji. Da waɗannan aka haife mu, da su kuma za mu tsufa. Fata takan toho, ƙashi yakan haɗu, amma ƙwayar gashin kunne in ta mutu wata ba ta fitowa a madadinta.

Dangin jentamaisin sukan shiga ruwan katantanwa su daɗe a ciki, har bayan sun fita daga jini. Domin haka wani lokaci ji yakan ci gaba da raguwa makonni bayan an gama allura, iyaye kuwa ba za su haɗa wannan da wancan ba. Sauti mai siriri shi ne yakan fara tafiya, irin kukan tsuntsu da harufa kamar "s" da "sh" da "ts". Yaro zai ji muryar malam amma kalmomin su cuɗe masa, sai a ce ba ya mai da hankali. A gefen katantanwa kuma akwai gaɓar da ke riƙe daidaiton jiki. In ita aka taɓa sai mutum ya dinga jiri, yana tangaɗi musamman cikin duhu.

Wannan haɗari yana kan kowa in magani ya yi yawa ko ya daɗe. Amma akwai waɗansu mutane waɗanda ko an auna musu daidai, ko allura ɗaya ce tak, tana iya raba su da jinsu. Dalilin yana cikin gadonsu.

GADON DA KE BIN ƊAKIN UWA

Jikin mutum kamar gini ne, tubalansa kuwa ƙwayoyin halitta ne waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai waɗansu ƙananan murhu masu ƙona abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa domin su ba jiki ƙarfi. Sunansu maitokondiriya. Abin mamaki game da su shi ne suna da nasu ɗan littafin gado dabam da babban littafin da muka samu daga uwa da uba. Haruffan wannan ɗan littafi 16,569 ne, daga uwa kaɗai kuwa ake samunsa.

A ƙasar Hausa mun saba bin asali ta wajen uba. Wannan gado ya bi wata hanya. Uwa takan ba da shi ga dukan 'ya'yanta, maza da mata. 'Ya'yanta mata su miƙa wa nasu. Ɗanta namiji kuwa yana ɗauke da shi, yana iya shafarsa, amma ba ya miƙa wa 'ya'yansa. Saboda haka in an ce a bincika, sai a duba kaka ta wajen uwa, da kawunnai, da innoni, da 'ya'yan innoni. 'Yan uba ba sa cikin wannan lissafi. Ya kuma bambanta da sikila, wadda sai uwa da uba duka sun ba da nasu kashi kafin ta bayyana.

To, ina ruwan wannan da allura? Jentamaisin yakan kashe ƙwayar cuta ta wurin toshe wata 'yar maƙera da ke cikinta, inda take ƙera kayan rayuwarta. Murhun jikinmu ma suna da maƙera mai kama da wannan, sai dai kwadonta dabam ne, mabuɗin magani ba ya shiga sosai. Amma a jikin waɗansu mutane harafi guda ya sāke a ɗan littafin nan, harafi na 1555. Wannan ƙaramar sākewa takan sa kwadon ya zama kusan iri ɗaya da na ƙwayar cuta. Sai magani ya buɗe ya shiga, ya kashe wutar murhu, ƙwayoyin gashin kunne kuwa masu bukatar ƙarfi ne ƙwarai, sai su mutu.

Yawancin masu wannan harafi lafiyarsu lau, suna noma suna karatu, babu wata alama a jikinsu. Waɗansu jinsu yakan ragu da kansa a hankali, waɗansu kuwa har tsufa ba abin da zai same su muddin ba su gamu da maganin ba. Akwai kuma masu ainihin ciwon maitokondiriya, wajen mutum ɗaya cikin 5,000, waɗanda murhunsu ba ya ci da kyau tun farko. Alamunsu sukan haɗa da raunin tsoka, da saurin gajiya, da faɗuwar fatar ido, da farfaɗiya. Akwai wani iri da yakan kawo ciwon sukari tare da raguwar ji a ɗaki guda. Kunnen irin waɗannan ya riga ya raunana, lalle ne likita ya sani kafin ya zaɓi magani.

Muna roƙon maza su ji wannan da kyau: babu laifin uwa a ciki. Ba ta zaɓa ba, ita ma gāda ta yi, kamar yadda ta gāji tsawo ko launin fata. Kada wani ya karanta wannan ya je yana yi wa matarsa ko surukansa gori.

YADDA AKA GANO

A ƙasar Sin an yi amfani da waɗannan allurai da yawa a kan ƙananan cututtuka, domin suna da araha. A 1991 likitoci suka ba da rahoton binciken da suka yi a wata unguwa ta birnin Shanghai, inda suka tarar wajen ɗaya cikin biyar na kuramen wurin allura ce ta kurumtar da su. Da suka bi gidajen da abin ya sami mutum fiye da ɗaya, sai suka ga ta wajen uwa yake bi. A 1993 masu bincike a birnin Los Angeles na Amurka, ƙarƙashin Nathan Fischel-Ghodsian, suka nuna harafi na 1555 shi ne tushen abin, bayan sun gwada waɗansu iyalai na Sin da wani babban iyali na Larabawan Isra'ila.

Nahiyarmu ma ba ta kuɓuta ba. A 1996 aka sami wannan harafi a wani babban iyali mai kurame da yawa a ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Kwango. A 1997 kuma aka same shi a wani iyali a Afirka ta Kudu, inda 'yan ɗaki guda suka kurumce bayan allurar sitireptomaisin. A Ingila, wani bincike da aka buga a 2009 ya nuna yaro ɗaya cikin 520 yana ɗauke da shi. In aka yi lissafi da wannan adadi, makaranta mai yara dubu tana iya samun biyu.

A watan Janairu na 2021 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta gargaɗi likitocinta su riƙa tambayar tarihin kurumta ta wajen uwa, su kuma yi tunanin gwajin gado ga waɗanda za su daɗe a kan maganin ko za a maimaita musu shi. Ta kuma ce kada a jinkirta magani na gaggawa domin jiran gwaji. A birnin Manchester an gwada wata na'ura wadda in aka shafo cikin kumatun jariri da auduga takan ba da amsa cikin minti 26. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cikin jarirai 751 an sami uku masu harafin, aka ba su wani magani dabam. Irin wannan na'ura ba kowane asibiti ke da ita ba. Amma tambayar da likita ya yi wa uwar ɗalibinmu ba ta bukatar wutar lantarki ko kuɗi.

KADA A GUJI ASIBITI

Muna tsoron kada wata uwa ta karanta wannan ta hana a yi wa jaririnta allura a asibiti. Wannan zai zama gudun gara a faɗa gidan zago. Jariri sabon haihuwa wanda ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana numfashi da ƙyar, ko yana taune-taune, yana iya rasuwa cikin yini guda. Ga irin wannan jariri Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jentamaisin tare da ampisilin ko fenisilin a sahun gaba.

An ma gwada wannan a kusa da mu. Zariya tana cikin wurare biyar da aka yi wani babban bincike, tare da Ibadan da Ile-Ife da waɗansu yankuna na Kenya da Kwango, a kan jarirai 'yan ƙasa da wata biyu waɗanda iyayensu ba su iya kai su babban asibiti ba. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna allurar jentamaisin tare da amoksisilin na sha, a hannun ma'aikacin lafiya wanda aka horar, tana aiki daidai da tsohuwar hanya mai allurai da yawa. A wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi shawararta.

Ko ga wanda aka tabbatar yana da harafin nan, ƙa'idar likitoci ita ce a nemi wani magani, amma in rai yana cikin haɗari kuma babu wani da zai yi aiki, sai a ceci rai. Aikinmu shi ne mu faɗa wa likita abin da muka sani game da danginmu, shi kuwa ya auna.

MASU TARIN FUKA

Dattawanmu suna tunawa da zamanin da mai tarin fuka yakan sha allurar sitireptomaisin kowace rana har wata biyu ko fiye. Da tarin fuka mai gagarar magani ya bayyana, sai aka koma ga kanamaisin na watanni. A maƙwabciyarmu Nijar an bi marasa lafiya 65 waɗanda aka fara yi wa irin wannan jinya daga 2008 zuwa 2010. Mutum 58 suka warke, abin farin ciki ƙwarai, amma ɗaya cikin biyar jinsa ya ragu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye kanamaisin daga jinyar wannan cuta, a 2022 kuma ta amince da jinya ta wata shida da ƙwayoyin sha kaɗai ga yawancin masu ita. Saboda haka mai tari wanda ya wuce mako biyu kada tsoron allura ya tsare shi a gida. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware domin wannan.

ABIN DA KE ƘARA HAƊARI

Ƙoda ce ke fitar da jentamaisin daga jiki. Duk abin da ya raunana ta zai sa magani ya taru a jini. Yaron da zawo da amai suka tsotse ruwan jikinsa, da tsoho, da bakwaini, da mai ciwon ƙoda, duk suna cikin wannan. Haka kuma in an haɗa shi da furosemaid, maganin nan mai sa fitsari da akan ba masu kumburi. Mace mai ciki in aka yi mata sitireptomaisin ko kanamaisin yana iya taɓa kunnen abin da ke cikinta. Maganin ɗigawa kuma, in dodon kunne ya huje, yana iya zarcewa ciki.

Likita yakan auna maganin bisa ga nauyin mara lafiya, yawanci sau ɗaya a yini, na 'yan kwanaki. Mai allura a shago ba shi da sikeli, ba ya gwada ƙoda, ba ya rubuta abin da ya yi. Dokar Nijeriya ba ta ba mai ƙaramin shagon magani izinin yin allura ba. A 2010 hukumar NAFDAC ta haramta jentamaisin mai miligiram 280 a kwalba ɗaya saboda ɓarnar da yake yi wa kunne da ƙoda. Wanda aka saba da shi mai miligiram 80 ne. Ga kuma wani abu: jentamaisin ba ya kashe zazzaɓin cizon sauro, ba ya maganin mura. Wanda aka yi masa shi domin waɗannan ya sa kunnensa cikin haɗari a banza.

Mu ma muna da namu laifi, gama da yawa a cikinmu in ba a yi mana allura ba sai mu ga kamar ba a duba mu ba. Har mukan roƙa.

ABIN DA ZA MU YI

1. Ku zauna da tsofaffin gida tun suna da rai, ku tambaye su ko akwai kurma a ɗakin uwa, da shekarun da ya kurumce, da abin da ya faru kafin nan. Ku rubuta.

2. In an sami wanda ya kurumce bayan allura, ko kurame da yawa ta wajen uwa, ko ciwon sukari tare da rashin ji, ku faɗa wa likita ko nas kafin a fara magani, ko ba a tambaye ku ba. Ku roƙi a rubuta a katin asibiti na kowane yaro. Mace mai ciki ta faɗa tun wurin awo.

3. Ku tambayi sunan kowace allura, da kwana nawa za a yi ta. Tambaya cikin ladabi ba raini ba ce.

4. Kada a yi allura a kemis ko a gida ba da takardar likita ba. Kada a ɗiga magani a kunne mai ruwa sai an duba dodon kunnen.

5. In ana cikin jinya mara lafiya ya ce kunnensa yana ƙara, ko ya toshe, ko yana jiri, ko fitsarinsa ya ragu, ku koma wurin likita a ranar, kafin allura ta gaba.

6. Jaririn da aka kwantar a asibiti aka yi masa allurai, a nemi a gwada jinsa. A gida ku lura: yana firgita in ƙofa ta buga? Da ya kai wata shida yana waiwayar murya? Da ya shekara yana gwalan-gwalan, yana amsa sunansa?

Kada kuma a ɗora kowace kurumta a kan allura. Sanƙarau yakan kurumtar, ba mu kuwa manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, yawanci a nan Arewa. Ƙyanda, da hangum, da zazzaɓin Lassa, da shawara mai tsanani a jariri, da ruwan kunne da aka ƙyale, duk sukan taɓa ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 60 cikin ɗari na rashin ji a yara ana iya hana shi. Ashe rigakafi ya fi magani, katin rigakafin yaro kuwa yana cikin abin da ke tsare kunnensa.

IN JI YA RIGA YA TAFI

Ba a makara ba. A nan Katsina akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya. Akwai irinsa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Na'urar ƙara ji takan taimaki wanda ya rage da sauran ji. Akwai kuma wata da akan dasa cikin katantanwa ta hanyar tiyata, sai dai tana da tsada ƙwarai. Yaron da aka gano da wuri ya fi samun amfani, gama shekarun farko su ne na koyon magana.

Wanda jinsa ya tafi ɗungum, hankalinsa yana nan. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wanda suka daɗe suna ciniki da hira da shi. Akwai makarantar kurame ta gwamnati a Malumfashi, da ta Tudun Maliki a Kano. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka wanda sanƙarau ya kurumtar da shi yana ɗan shekara 11, ya yi karatu har jami'a, ya zo Afirka ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957 da Ibadan a 1960, da waɗansu da yawa a ƙasashe dabam dabam kafin rasuwarsa a 1987. Abin da ya fi cutar da kurma shi ne a ɓoye shi a gida a hana shi karatu.

Ɗalibinmu dai mun dawo da shi layin gaba. Mun koyi kada mu yi magana muna fuskantar allo, mu bari ya ga bakinmu, mu kuma rubuta aikin gida maimakon faɗa da baki kawai. Iyayensa da 'yan'uwa sun haɗa kuɗi an saya masa na'ura, ya kuma fara ɗaga hannu kamar dā. Uwarsa ta yi tafiya takanas zuwa ƙauye ta faɗa wa yayarta da ƙannenta mata biyu. Da ta haifi 'yar autarta, tun kafin a yanke cibi ta ce wa ungozoma ta duba abin da aka rubuta a katinta.

Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar ji ta duniya. Muna ba shugabannin zumuntar mata da malaman makarantu shawara su karanta wannan bayani a taronsu, kowace mace kuma ta koma gida da tambaya guda ga mahaifiyarta ko innarta: a ɗakinmu akwai wanda allura ta taɓa kurumtarwa?